Ranar da Na Ce a Kashe Layi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, a shekarar da korona ta sa aka rufe makarantu. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Birnin Kebbi. Da yara suka daɗe a gida sai aka shirya musu darussa ta rediyo, kai tsaye, masu sauraro kuma suna bugo waya. Wanda aka zaɓa ya koyar da fiziks zazzaɓi ya kwantar da shi, sai shugaban makarantarmu ya miƙa sunana. Ya ce da ni, "In ka yi abin kirki, kai za ka riƙe shirin har a koma aji. In ka yi shirme kuwa, ka tuna sunan makaranta ka ɗauko."

Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. (Duk da haka na samu ƙarfin kiran Innata a Zauro na shaida mata, ita kuma ta shaida wa duk wani mai kunne a garin.) Na shirya tambayoyi uku a kan lantarki: ta farko ƙarfin da caji biyu ke turin juna da shi, ta biyu ƙarfin filin lantarki a kusa da caji, ta uku yawan bolt a wurin. Na warware su a takarda har sau biyar. Ranar Laraba na sa sabuwar shadda, kamar ana ganin mutum a rediyo, na hau kabu-kabu daga unguwarmu ta Nasarawa. Sai da na zauna a gaban makirufo na lura takardar tambayoyi kaɗai na ɗauko. Ta amsoshin tana can gida a kan tabarma.

Mai gabatar da shirin, Malama Rabi, ta nuna mini wata jar fitila, ta ce muddin tana kunne duniya na jin mu. Na gyaɗa kai, amma hankalina ba ya wurin. Ɗakin sanyi kamar firji, ni kuwa zufa har ta jiƙa wuyan rigata.

Na karanta tambayar farko: ƙananan ƙwallaye biyu, ɗaya na ɗauke da cajin maikirokulom biyu, ɗayan uku, tazarar santimita talatin a tsakaninsu. Da wane ƙarfi suke turin juna? Na mayar da santimita mita, har na tsaya ina yi wa ɗalibai faɗa. Na ce, "Nan ne malalata suke faɗuwa. Duk wanda bai kula da ma'auni ba, ba ɗalibina ba ne." (Allah Sarki, baki.)

Ga wanda bai yi fiziks ba, wannan "maikiro" na nufin a raba adadin gida miliyan. Manta shi tamkar a ce maka ƙwayar shinkafa biyu ne, kai kuma ka rubuta buhu biyu. To ni na manta shi, sau biyu. Na danna kalkuleta, sai ga sifilai sun yi layi har sun cika fuskarta. Wani abu ya ce mini a zuci, anya kuwa? Amma Malama Rabi na nuna mini agogo, shiru kuma a rediyo ba ya yiwuwa. Na gyara murya na ce, "Amsa ita ce niyuton biliyan ɗari shida." Da na ji adadin ya yi mini girma a baki, maimakon in ja da baya sai na ƙara da wa'azi. Na ce su dubi ikon Allah, ƙwallayen da ba su kai goro ba amma ga irin ƙarfin da ke cikinsu.

Aka buɗe layi. Wanda ya fara shigowa wani dattijo ne manomin shinkafa. Ya ce, "Malam, Allah shi saka. Ni tambayata, ƙwallayen ga ina aka saida su? In suna da ƙarfi hakan ga, ba su iya ja muna ruwa a fadama mu huta da sayen mai?" Na ce, "Baba, a ƙa'idar ilimi dai ba abin mamaki ba ne." Har yau ban san abin da nake nufi ba.

Sai wata murya siririya ta shigo. "Salamu alaikum Malam, sunana Hadiza, daga Argungu, aji biyar nike. Malam, na yi lissahin ga sau ukku, sifili ɗigo shida nike samu. Ko ni na ɓata?"

Tana faɗa na gane amsar da ke kan tabarmata ce. Ƙarfin da na ce zai tayar da gari, ashe bai wuce nauyin ƙaramar albasa ba. Amma Inna na ji, shugaba na ji, ɗaliban da nake yi wa jan biro kullum suna ji. Sai na ce, "Hadiza, ki sake duba kalkuletarki, wataƙila batirinta ya yi sanyi."

Ta ce, "To Malam. Amma maikiron fa, ina munka kai shi?"

Malama Rabi ta ga halin da nake ciki ta ce za a je talla. Ina jin kalmar talla na zare abin kunne, na matsa kusa da ita, wato kusa da makirufo, na ce, "Malama, wallahi yarinyar nan ta fi ni gaskiya. Don Allah a kashe layin, mu ce sabis ne ya ɗauke."

Yatsa kawai ta ɗaga. Na bi yatsan da kallo, sai ga jar fitila tana ci abinta. Mai kula da na'ura bai kai ga sa tallar ba, yana can bayan gilashi ya dafe kai. Daga cikin abin kunnen da ke hannuna na ji muryar Hadiza ƙasa-ƙasa: "Malam, ina nan, layin bai katse ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya. Ba yadda zan yi, na ce, "Jama'a, kun ji da kunnenku. Hadiza ce da gaskiya, ni na ɓata, kuma na so in ɓoye. Hadiza, ki yi haƙuri, ki karanto mana yadda kika yi." Ta bi lissafin daki-daki, cikin ladabi, ba ko dariya. Tambaya ta biyu da ta uku ba mu kai gare su ba. Mako na gaba malamin farko ya warke. (Ina zargin labarina ne ya warkar da shi.)

Bayan wata guda na shiga mota zuwa Argungu sunan ɗan wani abokina. Ba mu yi nisa ba sai wani fasinja ya ɗauko labarin malamin rediyo, yana kwaikwayon muryata, mota ta kaure da dariya. Na gyara takunkumin fuskata har kusa da ido. Wata dattijuwa a gefena ta ce, "Ni ɓatan lissahi bai dame ni ba, kowa na ɓatawa. Amma ka ce a kashe ma ɗiyar mutane layi?" Sai ta juyo ta dube ni. "Ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce, "Haka ne, Inna. Bai kyauta ba."

Tun daga ranar, in amsa ta fito na kan tsaya in tambayi kaina ko hankali zai ɗauka kafin in furta. In ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce bai samu abin da na samu ba, alli nake miƙa masa. Na gano cewa "na yi kuskure" kalma uku ce kacal, kuma gara mutum ya faɗe ta da kansa tun kafin a tambaye shi ra'ayinsa a cikin mota.