Motata Ba Ta da Layi a Tasha

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙera Motoci na Bajimi, da injiniyoyinsa masu daraja, a can ƙasar da kuke zaune cikin sanyi.

Bayan gaisuwa irin ta manya da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali. Ni ne Alhaji Gide Audi Tafoki. Ba ku san ni ba, wannan kuwa yana cikin abubuwan da nake so mu gyara.

Na bar sakandare a aji ukku, na fara da jaki ɗaya na aro. Daga jaki na koma amalanken shanu, daga nan babur, daga babur na sayi a-kori-kurarku fara, ba gado, ba ubangida. Ni na koya wa kaina tuƙi a filin makarantar firamare, katangar da na rusa kuma ni na gina ta. Shekara goma sha biyu ina kwasar masara daga Damari da Ruwan Godiya zuwa Ƙanƙara. Saboda haka ku karɓi waɗannan koke-koke a matsayin shawara daga abokin sana'a.

Na ɗaya. A jikin ƙofar motar kun rubuta cewa mutum biyar za ta ɗauka. Ranka ya daɗe, biyar a gaba kuke nufi ko kuwa? Sauran mutanen gari a ƙafa za su tafi? Kun kuma sa mata sifirin, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyin kaya, falle huɗu a kowace ƙafar baya. Da na ɗora buhu talatin da biyar da raguna biyu da Inna Indo mai daddawa a sama, sai motar ta durƙusa kamar raƙumi. Shin a garinku buhu nawa ake nomawa?

Na biyu. Akwai wasu 'yan ƙarafa guda biyu da bakanike ke kira linkej, masu haɗa sandar da ke hana mota tangaɗi da ƙafafun gaba. Naku ba su fi yatsana kauri ba. Damina ɗaya suka yi a hanyar Sabuwa suka fara ƙwaras-ƙwaras. Na haƙura shekara goma sha ɗaya da wannan ƙara, har ta zama agogon ƙauyuka: mata na jin ta daga nesa sai su fito da kayansu bakin hanya, masu shayi su ɗora ruwa. Ba ku taɓa aiko da gaisuwa ba.

Na ukku. Da kuka yi shiru sai na gyara maku aikinku. Na samo sifirin wata tifa da ta mutu, na mai da falle huɗu suka zama goma sha ɗaya. Na sa shokazoba bibbiyu. Da motar ta tashi sama, linkej ɗinku suka kasa kaiwa, sai na yanko dogaye daga ƙarfen garmar shanun marigayi mahaifina, wadda ta yi shekara talatin tana huɗa ba ta lanƙwashe ba. Duk wannan ni kaɗai na yi. Emmanuel bakanike na Ƙanƙara auna ƙarafan kawai ya yi, ya yanka, ya yi walda, ya ɗaure notuna. Ni ne na tsaya a kansa.

Yanzu motar tana ɗaukar buhu hamsin ba ta ko nishi. Gaskiya ne in babu kaya tana ɗan tsalle. Ranar gwaji Hajiya Larai uwargidana ta shiga da ƙwaryar nono daga Tafoki, kafin mu isa Faskari ya zama man shanu. Liman ma ya ce tun da ya hau ta ciwon bayansa ya bar inda yake ya koma wuya. Gaskiya ne kuma da ƙarar ta ɗauke na yi sati biyu ina wuce ƙauyuka ba wanda ya fito, har na koma ina ɗaura gwangwanin madara a ƙasan motar don jama'a su gane ni. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da kowane bincike ke zuwa da su.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. A tasharmu kowace mota da layinta: ka zo ka rubuta lamba, in juyinka ya zo a yi maka lodi. Wanda ba ya da layi, ko buhun ƙaiƙayi ba mai ba shi. Alhaji Mamuda, shugaban reshen a-kori-kura na ƙungiyar direbobi, yana da ƙa'ida tun ta iyaye, wai duk motar da ba ta shiga ƙarƙashin rumfar reshe ba to ba tasu ba ce. Na ce mashi za ta shiga. Ta kuwa shiga, sai dai ta fito da rumfar a kanta. A take ya goge lambata daga allo ya ce in tafi wajen 'yan'uwana manyan motoci.

Na tafi. Malam Jabiru na reshen manyan motoci ya zagaya ta sau biyu, ya ƙirga tayoyi, ya ce huɗu ne, su kuwa ba su san babbar mota mai taya huɗu ba, in koma inda na fito. Masu amalanke ne kaɗai suka ce za su karɓe ni, saboda ƙarfen garmar da ke jikinta, da sharaɗin in kashe inji in ɗaura shanu.

Yau kwana goma sha tara motata na tsaye a tsakiyar tasha. Masu rake sun mai da ƙarƙashinta inuwa. An fara kwasar masarar Damari, ina kallon motocin da ko buhu ashirin ke sa su hawaye suna wuce ni da lodi. In kaka ta wuce a haka, shekarar ta wuce ke nan. Shugabannin biyu sun yarda da abu ɗaya: kamfanin da ya haife ta shi ya san ko mece ce, in kawo takarda mai hatimi.

To, ranka ya daɗe, kar ku rubuta cewa a-kori-kura ce, don ba gaskiya ba ne, rumfa shaida ce. Kar ku ce babbar mota ce, Malam Jabiru ya iya ƙirga. Ku rubuta cewa sabon nau'i ce, ita kaɗai a duniya. Da wannan takarda zan buɗe reshe na ukku. Mun riga mun yi zaɓe, na ci shugaba da sakatare ba hamayya, kuma bisa allon da na tsara kullum juyina ne.

Abu na ƙarshe. Tunda yanzu rabin motar aikina ne, ku sa sunana a littafinku kusa da na wanda ya ƙirƙiro ta, ku kuma buga shi a kan ƙaramin farantin ƙarfen nan na cikin bonet. Gide Audi Tafoki, da Alhajinsa. Ni a nawa ɓangaren na riga na ɓamɓare sunanku daga bayan motar, na adana shi a ledar takardu. Ranar da kuka rubuta nawa zan mayar da naku.

In za ku turo injiniya ya ga aikin ya ƙaru, ƙofa a buɗe take. Ya zo da tsaninsa, nawa Hajiya ce ke hawa da shi.

Naku mai biyayya har kullum, mai yi maku fatan alheri da ƙarin basira,

Alhaji Gide Audi Tafoki
Shugaba kuma Sakatare, Reshe na Ukku