Ƙarfen Gilang

Gilang ɗan gudun dogon zango ne. Ranar Lahadi za a zaɓi waɗanda za su wakilci lardin, ga shi kullum jijiyar ƙafarsa sai ta ɗaure masa a tsakiyar hanya. Ya tarar da kakarsa, Mbah Sumirah, tana tsinke zogale a tsakar gida, yana riƙe da wata ƙatuwar kwalba da ya yi oda ta waya.

"Sannu da aiki, uwargida."

"Yawwa angona mai ƙafar sauro. Me kuma ka kwaso?"

"Ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Akwai sinadarin ƙarfe a ciki, da na ƙashi. Gumi ne ke kwashe mana su, in ji mai horar da mu."

"Ƙarfe? Ga tsohon laujen kakanka can, je ka lasa, kyauta."

"Tsohuwa, kimiyya ce wannan. Zakarun duniya ma ita suke sha."

"Zakaran gidan nan tsaba yake ci, kuma jiya ya tsere maka. Ni da na ɗauki buhun shinkafa daga gona zuwa kasuwa da cikin ubanka, wace kwalba na sha? Ƙananan kifi da ƙayarsu, hanta, ruwan kwakwa, sai wannan ganyen da kake yi wa kallon abincin akuya."

"Shi ya sa haƙoranki suka gudu suka bar ki."

"Ko ba komai sun fi ka gudu, ba wanda jijiya ta ɗaure."

Gilang ya juya kwalbar don ya karanto mata jerin sinadaran, sai idonsa ya faɗa kan ƙananan rubutun ƙasa, ya sa yatsa ya rufe su.

"Karanta mana, malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da ƙyar ya ce, "Wai… an yi shi da garin zogale da ƙashin kifi."

Mbah Sumirah ta yi dariya har tsinken zogale ya zube.

"Ka ga kishiyata a kwalba! Zauna, ga miya a wuta."

"Na sallama. Amma ki zuba mini da yawa."

"Zan zuba. In ka zo na ƙarshe ranar Lahadi, saki uku zan nema."