Yadda Za Ka Yi Jinyar Mahaifinka Ba Tare da Ka Taɓa Ledar Fitsari Ba

Kai da kake zaune a birni aka aiko maka cewa tsohonka ya kwanta, kana so ƙauye ya shaide ka ɗa ne mai albarka amma hancinka ba ya jure zarni, gyara zama ka karanta. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan bi da bi, cikin kwana uku matan unguwa za su riƙa yi wa 'ya'yansu gori da sunanka. Ba ƙirƙira na yi ba. A wurin Darmaji na koya, babban ɗan maƙwabcina Pak Kasiran (Pak, wato Malam), tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye aka sallamo shi daga asibiti da robar fitsari.

1. Ka zo a makare, amma ka zo da kaya

Kada ka yi gaggawa. Bari ƙanwarka ta sha wahalar farko. Wata biyu Warsini, ƙanwar Darmaji, ta yi tana juya tsohon duk bayan awa biyu, tana goge masa jiki, tana miƙe masa ƙafar da ta mutu don kada gwiwa ta sandare, tana zubar da ledar fitsari safe da yamma. Babu wanda ya yaba mata, domin abin da ake gani kullum ba ya burge kowa.

Darmaji kuwa ya sauko daga motar Jakarta da sabuwar fanka a kwali da kwandon tuffa. Ya durƙusa, ya ɗora goshinsa a kan hannun tsohon, ya yi kukan da aka ji har shagon mai faci. Ka lura: kukan da bai tsallake katanga ba asarar hawaye ne.

2. Ka sallami wadda ta iya

Muddin Warsini tana gidan, za a gane wanda ke aiki. Allah ya taimaki Darmaji, 'yar Warsini ta haihu a garin Klaten.

"Je ki ga jikanki," ya ce mata. "Kwana uku kacal. Ni ma ai ubana ne."

"Mas, yayana, ka saurara. Duk awa biyu ka juya shi. Ledar ta zauna ƙasa da gado, amma kada ta taɓa ƙasa. Kada robar ta lanƙwashe. Ka ba shi ruwa sosai."

"Warsini, mutum arba'in ne a ƙarƙashina a ofis."

"Su arba'in ɗin da ƙafarsu suke zuwa bayi."

Gyaɗa kai za ka yi kamar yadda ya yi. Gyaɗa kai ba alkawari ba ne.

3. Ka fito da gadon falo, ka fuskantar da shi ƙofa

Jinyar ɗakin baya ba ta da shaida. Ka san halin mutanenmu: in aka ce wani ba shi da lafiya, ƙauye guda ake cikawa a bayan akori-kura a zo dubiya, kowace da ƙullin sukari da ayaba. Sai Darmaji ya sa aka kinkimo gadon zuwa falo, ya kwantar da tsohon a gefensa na dama, fuskarsa tana kallon ƙofa, ya sa masa hula, ya kunna fanka.

To, batun juyawa fa? Nan ne tarbiyya za ta cece ka. In ka juya shi hagu, ya ba baƙi baya ke nan. A ƙasar nan tamu da mutum ke sunkuyawa in zai gifta ta gaban babba, wa zai yarda dattijo kamar Pak Kasiran ya juya wa liman ƙeya? Saboda haka ka bar shi a yadda yake. In baƙi sun tafi, wataƙila wasu na tafe. In dare ya yi, ai barci yake, ba a tashin mai barci. Ladabi ya fi ƙugu daraja, musamman in ƙugun ba naka ba ne.

4. Ka ɓoye ledar

Ga ta nan rataye a ƙafar gado, rawaya, kowa na gani, ga mutane suna shan shayi. Ba girman mahaifinka ba ne. Darmaji ya naɗe hannunsa da tawul (in akwai tawul a tsakani, ba taɓawa ba ce), ya ciro ta, ya ɗora a kan katifa bayan cinyoyin tsohon, ya lulluɓe da zani mai kyau. Robar ta naɗe a ƙarƙashin ƙafa, amma wa zai gani?

Za a ce maka ruwa ba ya hawa sama, wai in leda ta kai tsayin mara fitsarin komawa ciki yake yi da ƙazantarsa. Ka ce musu kai ba ruwa kake jinya ba.

5. Ka rage masa ruwa

Abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Cokali uku na shayi da safe, uku da yamma. Leda za ta daɗe ba ta cika ba. Haka kuma mai kwanciya wuri ɗaya, in ba ya shan ruwa, cikinsa ɗaurewa yake yi. Kwana uku Pak Kasiran bai nemi fo ba, Darmaji ya lissafa wannan cikin rahamar Ubangiji ga ɗa mai biyayya.

6. Ka zauna inda za a gan ka

Kujera a gefen gado, hannunka ɗaya a kan kafaɗarsa, ido ja. In ya motsa baki yana ƙoƙarin magana, kada ka jira, harshensa ya yi nauyi. Ka fassara da kanka.

"Me yake cewa, Mas Darmaji?"

"Wai yana gode muku."

"Allah sarki! Namu ɗan ko waya ba ya ɗauka."

A rana ta biyu har an fara cewa Warsini ba ta da tausayi, ta bar uba ta tafi suna. Darmaji ya ji, ya ce a yi mata uzuri, yarinya ce. Shekararta arba'in da shida.

7. Ka san ranar da nas take zuwa

Wannan ne kaɗai matakin da Darmaji ya manta, kuma ina roƙonka kada ka manta. Ranar Alhamis da hantsi, falo cike da matan majalisin karatu, sai ga Bu Ratmi (Bu, wato Malama), nas ɗin asibitin gunduma, ta jingine babur ɗinta. Mace ce gajera, ba ta ɗaga murya. Ta gaida kowa, ta wanke hannu, ta taɓa goshin tsohon, ta ɗan tsaya.

"Tun yaushe jikinsa ya yi zafi haka?"

"Ɗumin bargo ne, Bu."

"Ina ledar?"

"Mun adana ta."

"A banki?"

Ta yaye zanin. Ledar ta kumbura kamar za ta fashe, abin da ke ciki ya yi kauri ya yi duhu. Matar da ke kusa ta ajiye soyayyiyar ayabar da ke hannunta. Bu Ratmi ta nemi matan su ɗan fita baranda, suka fita, suka jeru a taga. Ta ɗaga ƙugun tsohon kaɗan. Inda ƙashi ya danne katifa fatar ta yi baƙi-baƙi, tsakiyarta ta saluɓe, faɗin murfin kwalba.

"Pak Darmaji, yaushe rabon da a juya shi?"

"Bu, kin ga baƙi ne ba sa yankewa. Ba zai yiwu ya ba su baya ba."

"To. In wannan ya zurma ya kai ƙashi, ko zazzaɓin nan ya shiga jini, za ku yi baƙin da suka fi waɗannan yawa. Har rumfa za ku kafa musu."

Daga taga wata ta ce, "Innalillahi." Wata ta ce, "Ni dai tun jiya na ji wari, na zaci kwata ce."

8. In abin ya watse

A nan ba ni da dabara. Sai dai in gaya maka abin da ya faru.

Bu Ratmi ta canza robar, ta wanke gyambon ta rufe, ta yi wa likita waya a kan maganin zazzaɓin. Ta ce in an juya shi a kan lokaci, an ba shi ruwa, zai iya warkewa cikin 'yan makonni. In ba a yi ba, ranar Asabar motar asibiti ce. Sannan ta miƙa wa Darmaji bokiti da sabuwar leda, ta nuna masa bakin da ake buɗewa a zubar da fitsari. Ya waiga yana neman tawul.

"Hannunka zai wanku," ta ce. "Durƙusa."

Ya durƙusa. Yana nan ƙasa sai tsohon ya fara motsa baki. Wannan karon babu mai fassara, Bu Ratmi ta ɗaga yatsa kowa ya yi shiru. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Darmaji... juya ni... bango. Na gaji... da ganin mutane."

Darmaji ya miƙe. Nas ta nuna masa inda zai sa hannu, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta ce a hankali, kada ka ja, ɗagawa ake yi. Ya tattara ƙarfi kamar mai shirin ɗaukar buhun shinkafa, sai ya ji tsohon ya taho masa ba nauyi, kamar damin kara. Ya tsaya riƙe da shi. Kukan da ya yi a lokacin ko matan taga ba su ji ba. Da la'asar ya yi wa ofis waya ya ce mutum arba'in ɗin su yi haƙuri da shi sati biyu.

Ba ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan ya samu yabo, yabon nasa ne. In ya samu gyambo, zazzaɓi, ko ƙanwa da ta dawo daga suna ta ji labari a tasha tun kafin ta iso gida, wannan ma nasa ne, kada a ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni na ce za a yabe ka kwana uku, kuma an yabi Darmaji kwana uku cif. Ban ce komai a kan na huɗu ba. Mai neman shawarar jinya ta gaskiya ya tambayi nas, ko ya tambayi macen nan ta gidanku da ba ku taɓa tambayar ta komai ba.