Rasuwar Mai Jan Ido, Allon Rumfar Suwaiba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ta kasa zama wuri ɗaya tun shekaranjiya, Suwaiba Ummaru mai abinci, ta bayan layin tireloli a Magamar Jibiya, tana sanar da direbobi, 'yan kamasho da duk masu cin dambunta rasuwar allonta mai rubutu da wuta, wanda aka fi sani da Mai Jan Ido. Ya cika ranar Laraba da hantsi.

An haifi marigayin a shagon yayanta Abbas mai gyaran rediyo. Abbas ya tattaro ƙananan ƙwayayen wuta jajaye daga matattun rediyoyi, ya jera su a kan katako, ya ja waya zuwa wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo a Maraɗi. Ya san halin ƙanwarsa: ta iya girki, amma da ta ɗaga murya gaban maza gara tuwon ya kwana a tukunya. Ya zaunar da ita, ya ce, "Firamaren da kika yi ta ishe ki. Ke dai danna, shi zai yi miki ihun."

Haka aka yi. Tana bayan labule za ta rubuta AKWAI DAMBU, haruffan su taho daga dama suna rarrafe zuwa hagu, direban da ke can saman mota ya hango ya sauko. In wake ya ƙare, allon ke ba da haƙuri. Bai taɓa yi wa kowa tsawa ba. Ko watannin da aka rufe boda, titi ba kowa, yana nan yana sanar da awaki cewa akwai shayi. Sautinsa ɗaya ne, ɗan "tsiii" idan an kunna shi.

Ajalinsa ya zo ta hannun masoyi. Hadari ya yi ta rufe rana har batirin sola ya kasa. Malam Bawa, direban Maraɗi da ba ya wuce rumfar, ya rantse ba zai ga allon a mace ba alhali akwai wuta a motarsa. Ya jawo waya daga tirela. Suwaiba ta tuna Abbas ya gargaɗe ta cewa wutar babbar mota ta ninka wadda allon ke ci, batir biyu ne a haɗe. Ta leƙo, ta ga maza sun kewaye, ta buɗe baki, maganar ta maƙale. Allon ya yi hasken da bai taɓa yi ba, ya ce "ɗas", ƙauri ya tashi.

Ya rasu ya bar kwamfuta, wadda ke takaba a ƙarƙashin tebur. Da Abbas, wanda yanzu ke haƙar zinariya a arewacin Nijar, wayarsa ba ta shiga. Da Malam Bawa, da ke ta zarya yana cewa a yafe masa, an kuma yafe. Ya bar Suwaiba, wadda har yanzu in ta sauke tukunya sai yatsanta ya kai ga madannai, ta leƙa waje, ta dawo, ta sake leƙawa. Jiya rabin dambun bai sayu ba, sai mahaifiyarta Inna ta raba wa maƙwabta.

Ba za a yi masa wanka ba, don bai taɓa shiri da ruwa ba. Za a naɗe shi a tsohon zane, a sa a kwalin taliya, a tura ƙarƙashin gadon Inna har Abbas ya dawo.

Za a karɓi gaisuwa a rumfar ranar Lahadi, ranar kasuwa. Dambu zai sauka da azahar. Suwaiba ta gwada faɗin "akwai dambu" a tsakar gida, kaji ma ba su ɗago ba, amma ta ce za ta fito bakin labule ta faɗa da kanta. Ana roƙon direbobi su kashe inji na ɗan lokaci. Muryar ba ta nisa, kuma mai ita ba ta yi alkawarin maimaitawa ba.