Ƙasar da Na Ɗebo wa Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne na durƙusa a tsakiyar hamada, na waiga dama na waiga hagu kamar mai satar kaza, na cika robar man shafawa da yashi. Na riƙe lokacin ne saboda ni irin mutanen nan ce da ko abin kunya za su yi sai sun duba agogo. Amma bari in koma baya kaɗan, don ku gane yadda mai hankali kamata ta kai ga haka.

Shekarar da Allah ya hore wa Baba ya kai mu Umara, mu huɗu muka tafi: shi, da Inna, da Yaya Murtala, da ni. Kaka, mahaifiyar Baba wadda aka sa mini sunanta, ba ta je ba. Gwiwoyinta sun daɗe da daina kai ta ko kasuwar Gummi, balle jirgi. Ana gobe za mu tashi ta aika aka kira ni ɗakinta, ta ce in saki labule.

"Matso, takwara. Saƙo gare ni, kuma ban son ubanki ya ji."

Na matsa.

"Ƙasar Madina nika so ki ɗebo man. Ko cikin tahin hannu ce. In aje ta cikin likkahwanina."

Kaka ta daɗe da tanadar likkafaninta. Yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a naɗe da turare. Baba kuwa ba ya son irin wannan al'ada ko kaɗan, ya sha faɗa a gabanta cewa aikin mutum ne ke bin sa kabari, ba ƙasa ba. Da ta ga ina kallon tabarma sai ta ce, "Na sani ƙasa ba ta ceton kowa. Ni dai ƙahwata ba ta taka garin Manzo ba. To ko ƙasar garin ta kwanta kusa da ni."

Na tambaye ta me ya sa ni. Ta ce, "Ke ba ki mantuwa, kuma ba ki magana."

Gaskiya ta faɗa. A kwaleji na kan yi zango guda malami bai ji muryata ba sai a takardar jarrabawa. Wannan yabo ya shige ni ƙwarai. Na wanke wata robar man shafawa mai jan murfi, na shanya ta, na sa ta a aljihun jakata na ciki.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, a kewayen Masallacin Manzo babu ƙasa. Ko'ina an shimfiɗe shi da dutse mai sheƙi, ana wanke shi dare da rana, har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Daga masallaci zuwa masauki kwalta ce da siminti. Na ga tukwanen furanni a ƙofar masaukinmu, amma wa ya san daga inda aka kawo ƙasar cikinsu? (Kun ga irin tsantsenin da nake da shi a lokacin.) Rannan na hango wani fili a bayan masauki inda ake gini, ga ƙasa nan jibge. Na je har bakin wurin da robata a hannu, sai wani ma'aikaci ya ɗago kai ya dube ni. Duba kawai ya yi, bawan Allah. Na juya na koma kamar wadda ta ɓata hanya. A Uhudu ma na sunkuya, na ga ɗan sanda yana tahowa, na ɓige da gyara takalmi. Kullum sai in ce gobe.

Zuwa Mada'inu Salihu kuwa ni na kawo shawararsa, wannan ma in faɗa. Na karanta labarin wurin tun muna gida: gidaje da ƙofofi da aka sassaƙa a jikin duwatsu, can cikin hamada arewa da Madina, inda ake cewa nan Samudawa suka zauna, mutanen Annabi Salihu da suka soke taguwa Allah ya halaka su. Baba ya ce wurin da azaba ta sauka ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Ni da ba na magana, ranar na yi. Na ce ai don wa'azi za mu je, mu gani mu ji tsoron Allah. Ya amince, aka samo wani Bahaushe mazaunin Madina ya kai mu a motarsa, ranarmu ta ƙarshe, washegari da asuba sai filin jirgi.

A mota na buɗe baki kamar rediyo. Na ba su labarin Samudawa daga farko har ƙarshe. Na gaya musu an hana jin daɗi a wurin, an hana shan ruwan rijiyoyinsa, mutum ya shiga da tsoro ya fita da sauri. Yaya Murtala ya ce, "Yau Malama ta samu aji." Inna ta ce ya ƙyale ni, ita tana ƙaruwa.

Wurin kuwa ya wuce yadda na karanta. Duwatsu ne manya, jajaye, kowanne tsaye shi kaɗai a cikin yashi, an fafe fuskarsa an fitar da ƙofa da ginshiƙai da ado kamar matakala a sama, santsi kamar an yanka sabulu. Ka leƙa ciki, ba kowa, ba komai, sai ramuka a bango da sanyi. Inna ta ja mayafinta ta rufe baki tana istigifari. Baba kuwa na ga idonsa ya kawo ruwa. Yaya Murtala kuwa hoto yake ɗauka ba ji ba gani.

Ni ma jikina ya yi sanyi, har na sa hannu a jaka in ɗauko hankici. Sai na taɓa robar. Babu komai a ciki, kuma gobe da asuba za mu tashi.

Ga yadda na yi lissafi, kuma ina roƙon kada ku yi dariya tukuna. Na ce bari in ɗebi wannan in ajiye don ko-ta-kwana. In mun kusa Madina sai in ce direba ya tsaya, in zubar in ɗebi ta gaskiya a bakin hanya. Ban tambayi kaina ba, ni da na kasa sunkuyawa a gaban baƙon ma'aikaci, yaya zan tsayar da mota a gaban Baba. Na zagaya gefen wani dutse, na durƙusa, na cika robar. Yashin laushi, ja-ja, mai kyau ƙwarai.

A hanyar komawa barci ya kwashe ni. Inna ce ta tashe ni a ƙofar masauki.

Har muka sauka Sakkwato ina da niyyar faɗa wa Kaka gaskiya. Na ma tsara kalmomin: "Kaka, ban samo ba, ki yi haƙuri." Na maimaita su a mota har Gummi. Amma da na shiga ɗakinta, kafin in gama gaisuwa ta miƙo hannu biyu, idonta a kan jakata. Hannuna ya shiga jaka da kansa. Ta buɗe murfin, ta kalli yashin, ta kai shi goshinta, hawaye na bin kuncinta.

"Allah shi yi miki albarka, takwara. Ji laushi. Ashe haka ƙasar garin take, ja?"

Na ce, "Uhm."

Wannan "uhm" ɗin ita ce ƙarya mafi girma da na taɓa yi, kuma ko baki ban buɗe ba. A gabana ta jawo akwatin, ta warware likkafanin, ta barbaɗa rabi a cikinsa, ta naɗe.

Bayan kwana biyu 'yan'uwa suka cika gida don sannu da zuwa. Har Gwaggo Luba, ƙanwar Baba, ta hau mashin tun da sassafe daga Adabka, don ta samu ta koma kafin la'asar, tunda hanyar ba ta yamma ba ce yanzu. Ita ce ta fara shiga wurin Kaka, suka daɗe labule a sake. Ban kawo komai a raina ba. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka raba dabino da zamzam da tasbaha, aka fito da Kaka aka zaunar da ita a kujerarta. Sai Yaya Murtala ya fito da wayarsa.

Hotunan Ka'aba suka wuce, na Madina suka wuce, ana ta kabbara. Sai ga duwatsun.

"Nan kuma garin Samudawa ne," in ji Yaya.

"Samudawa? Ƙattan nan da anka halaka?" Gwaggo Luba ta karɓe wayar. "Mi ya kai ku?"

Yaya ya shiga ba su labari, kuma kalmomina ne yake maimaitawa tiryan-tiryan: taguwa, tsawa, ruwan da aka hana sha, a shiga da tsoro a fita da sauri. Har ya nuna ni ya ce, "Ga Malama nan, ita ta koya mana." Na sunkuyar da kai, ina jin daɗi a ɓoye (Allah ya yafe mini). Gwaggo tana jan hotuna da yatsa tana a'uziyya. Can ta tsaya. Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Ta kawo shi kusa da ido.

Hoton Inna ne a gaban wata ƙofar dutse. Amma can gefe, a baya, ga wata baiwar Allah durƙushe cikin hijabi ruwan toka, hannu ɗaya cike da yashi, ɗayan riƙe da roba mai jan murfi.

"Ke," in ji Gwaggo. "Wagga roba ba ita ce tsohuwa ta gwada man ɗazu cikin ɗaki ba?"

Kaka ta miƙa hannu aka ba ta wayar. Ta daɗe tana kallo, don idonta ba shi da ƙarfi.

"Na lasa!" Gwaggo Luba ta dafe ƙirji. "Wallahi na lasa! Ga saura nan na ƙulle a bakin gyalena zan kai ma yara! Ƙasar Samudawa na lasa!" Ta shiga tofar da yawu tana kwance ƙullin kamar wuta ce a ciki.

A nan ne ya kamata in yi shiru, abin da na fi kowa iyawa. Amma kuskure ne aka faɗa a gabana, ni kuwa ba na iya barin kuskure ya wuce. Na ji muryata, 'yar siririya, tana cewa, "Gwaggo, a gaskiya masu bincike sun ce waɗannan sassaƙe-sassaƙen ba na Samudawa ba ne. Wasu mutane ne da suka zo daga baya. Kuma ba gidaje ba ne, kaburburansu ne."

"Kaburbura?"

"E."

"Musulmi ne?"

Na ce, "Gumaka suke bauta wa."

Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka. Yaya Murtala ya tashi da gudu ya shige zaure, muna jiyo shi yana shaƙewa. Inna ta dube ni irin duban da ban taɓa gani ba. Baba, wanda a lokaci guda ya ji saƙon da aka ɓoye masa da kuma abin da aka kawo, ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska, har yau ban san ko dariya yake ko takaici ba. Mutane kan ce sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ranar ko ƙasar ba ni da fuskar roƙonta.

Kaka ta dafa sandarta ta miƙe, ta ƙi a kama ta, ta shiga ɗaki ta saki labule. Wannan ya fi ihun Gwaggo ciwo. Ban kawo mata abin da ta roƙa ba, na bar ta ta yi kuka a kan yashin da ba shi ba, kuma na tona ta a gaban ɗanta.

Da yamma ta aiko Inna da likkafanin, ba tare da saƙo ba. Na kakkaɓe shi a bayan gida, na wanke, na sake wankewa, na shanya a igiya. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ga farin yadi yana kaɗawa ga ni zaune ido jajir, ta saki salati tana tambayar yaushe tsohuwa ta cika. Kaka ta amsa mata daga ɗaki cewa tukuna.

Kwanaki ina gaishe ta tana amsawa da "lahiya" kawai. A cikinsu na gane abin da babu littafin da ya koya mini: kunya ba ta ɓacewa don an kauce mata, jira take a tara mutane. Ta ɗan mintin da na guje wa a gaban ma'aikaci ɗaya da bai san ni ba, ita ce na sha a gaban dangi kaf, har da na Bukkuyum da na Anka da labarin ya iske a gidajensu.

Ranar Juma'a na goge likkafanin, na naɗe, na kai mata. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga dutse mai sheƙi har barcin mota. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gabanta ba. Na ƙare da cewa, "Kaka, kin yafe mini?"

Ta karɓi likkafanin, ta shinshina, ta duba naɗin ko ya yi daidai. Ta mayar da shi akwati, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado da ƙafa. Sannan ta dube ni.

"Na yahe, takwara. Amma na hwaɗa ma uwarki, ran da na cika kada a aike ki ko sayen turare. Ke sai ki kawo na Fir'auna, a tambaye ki ki ce uhm."