Rasuwar Kart Grafik ta Gidan Malam Dikko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci da har yanzu ƙauri bai sake shi ba, Tanko ɗan Malam Dikko na Maijirgi yana sanar da 'yan uwa da abokan fadar shan shayi rasuwar kart grafik tasa, wato ƙarfen nan da ake sa wa kwamfuta don ta iya ɗaukar nauyin bidiyo. Ta cika ranar Talata da azahar, a wani shagon cajin waya a Tasawa, bayan gajeriyar jinya.

Ba a san asalinta ba. A intanet Tanko ya fara ganin ta, wajen wani mutum da ba shi da suna sai lamba, ba shi da fuska sai hoton mota. Ya ce sabuwa ce fil, tafiya ce ta kama shi ya karya kuɗinta. Tanko ya tashi yana ganin mahaifinsa na buɗe bakin dabba ya duba haƙora kafin ya taya, amma shi kan hoto ɗaya ya aika kuɗi.

Kuɗin kuwa jakin gidan ne. Malam Dikko na ci-rani a Agadas tun da gero ya ƙone a tsaye. Tanko ya ja jakin kasuwa, ya ce wa mahaifiyarsa, Inna Tanna, kawu ne na Korgom ya are shi. Nufinsa ya riƙa haɗa bidiyon biki, ya fanso jakin kafin tsoho ya dawo. Tun ranar Inna Tanna ke ɗauko ruwa a ka, amalanke na jingine a ƙofar gida.

Marigayiya ta iso lokacin da iyaka ke rufe, ta daji, a bayan babur ɗin kabu-kabu, matse tsakanin jarkokin isansi, wato fetur. Ta kasance mai kunya, ba ta cika nuna hoto a gaban baƙi ba. Ta kasance mai haƙuri, yawancin rayuwarta babu kuran, wato wutar lantarki, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ba ta kuma da riƙon sirri: da zafi ya ɗaga takardar da aka manna mata a goshi, sai ga wani suna a ƙasa, na wata tsohuwa da ta girmi jakin. Waɗanda suka zauna da ita za su tuna muryar fankarta, fuuu da safe, kar-kar-kar in rana ta yi.

Aiki ɗaya aka taɓa ba ta, bikin ɗiyar wani ɗan kasuwa. Ta mayar da amarya kore, ta raba ango gida biyu, ta tsayar da uwar amarya baki buɗe da loma a hannu. Ana cikin haka kuran ya dawo da ƙarfinsa. Ta ce ƙyas, ta yi shiru. Mai gyara ya shinshina ta, ya miƙo wa Tanko. “Abokina, wagga ta taɓa mutuwa. Gasa ta aka yi ta farfaɗo, kai ka biya kuɗin suma ta biyu.”

Ta rasu ta bar Tanko, da kwamfuta mai baƙin allo, da ɗan kasuwa da ke neman sa, da wuyan Inna Tanna wanda ba ya juyawa hagu. Ta bar mai hoton mota, wanda lambarsa ba ta shiga, ko da yake hoton marigayiya na nan a intanet, har da ƙarzar da ke gefenta, wai sabuwa fil. Ta bar jaki a turken wani dillali da zai yi lodi kudu ranar kasuwa, inda ba a tambayar ƙarfin jaki sai faɗin fatarsa.

Malam Dikko ya bugo waya jiya. “Ina bisa hanya. A ba jakin nan dusa, akwai aiki gabanai.”

Inna Tanna ta sauke tulu, ta dubi ɗanta. “Tanko, kawun naka bai gama da shi ba? In kunya kake ji, ni in taka in amso.”

Tanko ya ce zuwa ranar kasuwa.

Saboda haka ba za a jinkirta jana'iza ba. Gobe da hantsi za a yi mata wanka da buroshin haƙori da ɗan turare, a mayar da takardar goshinta da gam, a sa ta cikin kwalin da ta zo da shi. Za a ɗauki hoto ta gefen da bai ƙone ba. Daga nan kabu-kabu zai kai ta makwancinta a garin Gidan Amumune ta wajen Mayahi, hannun wani yaro Hamidu, wanda ke son buɗe shagon wasan bidiyo, ya kuma ce mahaifiyarsa ba ta cika ƙirga awakinta ba.

Ana roƙon masu ta'aziyya daga wajen Mayahi su kama bakinsu har gawa ta isa. Tanko zai karɓi gaisuwa a tsohuwar lambarsa. Sabuwar, wadda ya sa wa hoton mota, Hamidu kaɗai ya ba.