Rasuwar Sha-Danna, Wayar Malam Ari Mai Awo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajur, da babban yatsan da har yau yake motsi shi kaɗai, Malam Ari Yunusa, mai awon gero da wake a kasuwar hatsi ta Potiskum, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da membobin Zauren Amana na kusa da na nesa, rasuwar wayarsa kuma abokiyar zamansa, wadda aka fi sani da Sha-Danna. Ta rasu ranar Litinin da hantsi a cikin randar gidansa, tana da shekara huɗu a duniya, biyu daga ciki a wurin wani bawan Allah da ba mu sani ba, domin ta hannu ce ya sayo ta.

Idan mai karatu ya ga sanarwar tana ɗan rawar kai, ya yi mana uzuri. Mai makokin kansa sai ya fara share hawaye, can kuma ka ji ya tuntsire da dariya har rawaninsa na neman faɗuwa. Dalilin yana tafe.

Marigayiya mai haƙuri ce, irin haƙurin da ba a samu a wayoyin yanzu. Wata takwas cur ta yi ana danna ta a wuri guda, tsakiyar fuska, har wurin ya yi fari ya dushe, ba ta taɓa kashe kanta don fushi ba. Ga wanda bai san aikin ba: akwai wani kuɗin kirifto mai hoton zabuwa, ana tara shi ne ta hanyar danna zabuwar a fuskar waya. Kana dannawa tana cewa "ƙyat", lamba tana hawa, an kuma yi alkawarin cewa wata rana, ranar da masu harkar ke kira ranar fashewa, lambar nan za ta koma kuɗin da ake kashewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Malam Ari ya san wannan sauti. Hannun dama yana shafe bakin mudu, na hagu yana ƙarƙashin riga, ana jin "ƙyat, ƙyat, ƙyat", har wata baƙuwa daga ƙauye ta taɓa leƙa bayan buhuna tana tambayar nawa yake sayar da zabin.

Sauran maganganunta da za a daɗe ana tunawa sun haɗa da "tilin" idan saƙo ya shigo, da "zzzt zzzt" idan an rufe mata baki a masallaci, da wani ɗan nishi mai ban tausayi da take yi idan caji ya kusa ƙarewa.

Ba don kanta ta sha wannan wahala ba, ba kuma don aljihun mai ita ba. Rijiyar burtsatse mai sola ta unguwarsu ce ta tsaya cak, mata suka koma sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Aka kai maganar Zauren Amana, wani dandali a intanet inda mutum sama da ɗari biyu ke tattauna kirifto da neman halal ta waya. Zauren yana da doka mai tsauri saboda tsoron 'yan damfara: ba a faɗin sunan gaskiya, ba a sa hoto, ba a faɗin sana'a. Shi ya sa za ka ga Attajirin Gobe yana musu da Uwar Daloli tun safe har azahar, alhali ba wanda ya san ko maƙwabtan juna ne. A nan ne wani mai kiran kansa Masani Tsantsa ya rubuta dogon bayani cewa injin da ke can ƙasan rijiyar ne ya ƙone, kuma sabo sai wanda ya shirya. Aka jefa ƙuri'a, aka amince da gagarumin rinjaye cewa injin ya ƙone. Ba wanda ya je ya duba, tunda an riga an yi ƙuri'a.

Sai aka yi shawara mai kyau. Kowa ya shiga dannar zabuwa ta gayyatar mutum ɗaya, don kason da ake ba mai gayyata ya taru a asusu guda, ranar fashewa a sayi inji. Da aka zo zaɓen mai riƙe asusun, ba a yi gardama ba. Malam Ari ne mutumin da manoman Danchuwa ke sauke wa buhunan wake a rumfa su juya su tafi, ba takarda ba shaida, su dawo bayan sati biyu su tarar ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba. Shi kaɗai ne a zauren yake amsa sunan da aka raɗa masa. Ba shi da mota, gidan ma na gado ne, wannan suna shi ne jarinsa.

Rashin lafiyar marigayiya ta faro ne da zafin jiki. Sai batirinta ya kumbura, bayanta ya ɗago kamar ƙosan da ya ji mai. Masana a zauren suka ba da shawara a riƙa ajiye ta wuri mai sanyi, Malam Ari kuwa ya duba gidansa kaf bai ga wurin da ya kai bakin randa sanyi ba. Kullum idan ta yi zafi sai ya kwantar da ita a kan faifan da ake rufe randar, ta huce, ya ɗauka su ci gaba. A ranar Litinin ɗin, matarsa Najiba ta ɗebi ruwa ta mayar da faifan, da marigayiya a kansa, a ɗan karkace. Saƙonni suka shigo a jere. Marigayiya ta ce "zzzt zzzt", ta matsa da kanta, ta ƙara cewa "zzzt", ta ƙara matsawa. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsundum". Wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nemar wa unguwa ruwa, ruwan saye ne ya yi ajalinta.

An yi iya ƙoƙari. A wasu gidajen shinkafa ake binne waya a ciki, to shi mai gero ne, sai ya tura ta tsakiyar buhun gero mafi kyau a rumfarsa. Washegari aka garzaya da ita wurin Muhsin mai gyaran waya a bakin tasha. Muhsin ya buɗe ta, ya kalli cikinta, ya cire tabarau, ya ce, "Malam Ari, sai haƙuri. Wannan ko Kano aka kai ta, kuɗin mota kawai za a ɓata."

Abin tashin hankalin shi ne, ba ita kaɗai ta tafi ba. Asusun kirifto yana da kalmomin sirri goma sha biyu, su ne mabuɗinsa, idan sun ɓata ba ofishin da za ka je ka yi kuka. Zauren ya sha gargaɗi cewa kada a ba kowa su, kada a bar su a takardar da ido zai gani. Malam Ari mutum ne mai bin doka sau da ƙafa. Ya ɗauki hoton takardar, ya ƙone ta a murhu, ya adana hoton a wuri mafi aminci da ya sani, wato cikin marigayiya.

Kunya ta hana shi aron waya ya faɗa wa zauren. Da wane baki zai ce dannar mutum ɗari biyu ta wata takwas tana ƙasan randa? Ya yi shiru kwana biyu, ga shi an sa ranar fashewa Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma. A duniyar kirifto kuwa, mai riƙe asusun da ya ɓace ana saura kwana huɗu a yi fashewa suna ɗaya gare shi: ɓarawo. Attajirin Gobe ne ya fara rubuta kalmar. Kafin la'asar ta Laraba an ga Malam Ari a tashar motar Kano da jaka, an gan shi yana taya mota, wani ma ya rantse ɗan'uwansa ya hango shi a filin jirgi, alhali mutumin yana zaune a rumfarsa yana korar ƙuda. Da abin ya tsaya a waya da da sauƙi. Ranar Alhamis wani manomi daga Danchuwa, wanda ya shekara tara yana ajiya a wurinsa, ya zo da a-daidaita-sahu ya kwashe buhunansa bai ko zauna ba. Hajja Fanne, maƙwabciyarsa kuma jagorar matan unguwa, wadda ta goya shi yana ƙarami, ya gaishe ta ta ce "lafiya" ta wuce. Wannan "lafiya" ta fi mutuwar wayar yi masa ciwo. Ya shiga gida ya zauna ya yi kuka na gaske, irin wanda ba dariya a bayansa.

Da ya share ido sai ya koma wurin Muhsin, ya roƙe shi ya rubuta wa zauren gaskiyar abin da ya faru, ya kuma ƙara da cewa za a shimfiɗe gawar a ƙofar gida ranar Juma'a da ƙarfe huɗu daidai, duk mai shakka ya zo ya gani.

Aka kuwa zo. Babura da kekuna suka cika layin, mutanen da suka shekara suna zagin juna a waya suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ba su san juna ba. Marigayiya tana kwance a kan farin ƙyalle, cikinta a buɗe, da ƙwayar gero biyu maƙale a ramin caja. Malam Ari ya zauna a tabarma a tsakiyar rana, ya ɗora tafukan hannunsa biyu a kan gwiwoyi, a buɗe, inda kowa zai gani. Idan da kalmomin suna wurinsa, wannan ne lokacin da zai kasance a wani ɗaki yana danne-danne. Huɗu saura minti biyar. Huɗu ta buga. Bai motsa ba, gumi yana bin gemunsa. Huɗu da kwata, sai Hajja Fanne ta ratso mutane, ta tsaya a kansa.

"Ari, ɗana, tashi ka koma inuwa," in ji ta. "Ni na ji kunya, ba kai ba."

Ba ta rufe baki ba wayoyin jama'a suka ɗauki "tilin, tilin" gaba ɗaya. Masu zabuwa ne suke sanar da cewa an ɗaga ranar fashewa, karo na huɗu, zuwa wani lokaci nan gaba. Sai wani ya fashe da dariya, sai layin duka ya ɗauka.

Cikin hayaniyar wani dogon Bafulatani ya sauko daga babur, da jakar kayan aiki ɗaure a baya. Ya durƙusa gaban tabarmar.

"Malam, ni ne Attajirin Gobe. Sunana Bubayaro, daga Mamudo. Ni na fara ce maka ɓarawo, ka yafe mini don Allah." Sannan ya ce, "Wai ina rijiyan nan ne ma? Wata takwas ina danna masa, ban taɓa ganin shi ba."

Aka raka shi, duka taron. Ya zagaya tankin, ya buɗe akwatin wutar sola, ya zura kai.

"Wa ya ce inji ya ƙone?"

"Zaure ne ya ce," in ji Malam Ari. "Kai ma ka jefa ƙuri'a."

"Ɓera ne ya ci kebul. Ga shi nan."

Hajja Fanne ta dube shi sama da ƙasa. "Kai yaron nan, mece ce sana'arka?"

"Gyaran burtsatse, Hajja. Shekara goma sha ɗaya." Ya kalli babban yatsansa, ya girgiza kai. "Ashe kuɗin da za a biya ni nake ta tarawa."

Bai cika minti arba'in ba. Famfon ya yi tari sau biyu, ya tofar da jan ruwa, sannan ya saki fari tas. Mata suka rangaɗa guɗa, Najiba ta zo a guje ba takalmi, Malam Ari kuwa, dattijo mai gemu, aka gan shi yana tsalle da ƙafa ɗaya. Masani Tsantsa bai bayyana kansa ba har yau, sai dai an lura da wani mai farar hula da ya tayar da babur a hankali ya sulale lokacin da aka ambaci ɓera. Muna yi masa fatan alheri.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin baƙin salatif, wadda ba ta aiki sai an jingina ta da kofi. Da fawa banki, tsoho, shi ma yana jin jiki. Da marayan layi guda, wanda yanzu yake riƙo a ƙaramar wayar Najiba mai tocila. Ta kuma bar miliyoyin zabi da ba wanda zai sake ganinsu. Kafin a rufe ta, iyali sun amince Muhsin ya cire lasifikarta ya sa wa wata waya mara lafiya.

An tuntuɓi liman kan jana'iza, ya ce ba a yi wa waya salla, ya kuma roƙi Malam Ari ya je ya huta. Saboda haka za a mayar da ita cikin kwalinta gobe Lahadi da safe, a ɗora a saman kabad, ba tare da wani taro ba. Zaman karɓar gaisuwa kuma za a yi shi a bakin rijiyar burtsatse, daga bayan la'asar har zuwa magariba, kwana uku a jere. Ba a buƙatar goro ko dabino. Kowa ya zo da bokitinsa, ya kuma zo da sunan da ubansa ya raɗa masa. Malam Ari zai kasance a tsaye a bakin famfo. Waɗanda suka kira shi ɓarawo ba sai sun ce komai ba, su miƙo bokitin kawai, shi zai cika musu da hannunsa.